Mahaɗar ruwa: abin da ke sa ambaliya ta shigo wa ɗan kasuwa ta baya

Kowace damina, daga Yamai har Damagaram, kuka guda muke ji a bakin waɗanda ruwa ya yi wa ɓarna, wato ba su ga ta inda ya shigo ba. Wani ya jera buhunan yashi a ƙofar mangazarsa yana fuskantar gulbi, sai ruwa ya ɓullo masa ta magudanar da ke bayan gini. Wata ta kwanta sama garau, ko ɗigo bai sauka a unguwarsu ba, da asuba ta tarar da gishirinta da sukarinta suna narkewa. Hausawa na cewa ruwan da ya dake ka shi ne ruwa. To amma ga wanda ke zaune kusa da inda ruwa biyu ke haɗuwa, ruwan da ya daki mutanen wata ƙasa ma nasa ne, domin a ƙofarsa zai zo ya tsaya.

Shi ya sa a wannan fitowa muka ga ya dace mu duba halin ruwa a mahaɗa, ko ta manyan koguna ce, ko ta ƙorama da gulbi, ko ta magudanai biyu a tsakiyar kasuwa. Halin guda ne, girma kawai ya bambanta. Wanda ya gane shi zai san inda ya kamata ya aje jarinsa, da inda bai kamata ya sa ƙafa ba.

Kasuwa da mahaɗa tare suka tashi

Ba banza ba manyan kasuwannin bakin ruwa suka zauna a mahaɗa. Mopti ta ƙasar Mali, matattarar busasshen kifi da gishirin da ake saukowa da shi daga Tumbutu, tana inda Bani ke faɗawa kogin Isa. Lakwaja ta Najeriya ta tashi a inda Binuwai ke gamuwa da Kwara, wato dai kogin namu ne da ya sake suna bayan ya wuce Gaya. Njamena da Kusiri suna kallon juna a inda Logon ke shiga Shari. Nan kusa da mu, Malanbil tana bakin inda Sota ke zubowa, Bumba kuma tana fuskantar bakin Mekru. Dalilin a fili yake: mai jirgi yana da hanya uku maimakon biyu, kifi yana taruwa, fadama tana da albarka. Sai dai hanyar da ta kawo ciniki ita ce ke kawo ruwa.

Layi biyu, ƙofa guda

Mu ɗauki misalin da kowa ya sani. Kasuwa ta tashi, layi biyu na jama'a sun nufo ƙofa guda. Ɗaya babban layi ne, da amalanke da masu turin kaya. Ɗayan ɗan lungu ne na mata masu kaya a ka. Na babban layi su danne ƙofa, na lungu su tsaya cik, cunkoso ya yi ta komawa baya har ya iske mai rumfar da ke can tsakiyar lungu, wadda ko hango ƙofar ba ta yi. Wanda ya samu ya kutsa kuwa, da sauri yake fita saboda turin da ake yi masa. A gefen ƙofa akwai ɗan saƙo da ba a turereniya, nan masu jira ke raɓewa su sauke kaya. Kusan haka ruwa yake yi, kuma masana sun raba mahaɗa wuri-wuri.

Na farko, sama da mahaɗa. Ruwan da ya fi ƙarfi yana zame wa ɗan uwansa kamar bango. Mai rauni ya rage gudu, ya kumbura, ya fara taruwa da baya, wani lokaci ma babban ya shiga cikin bakinsa ya tura shi sama. A ƙasa shimfiɗaɗɗiya irin tamu wannan komawa baya tana nisa. A ƙiyasce, idan ƙasa tana gangarawa da santimetir 10 kawai a kowane kilometir, ruwan da ya hau metir 1 a bakin mahaɗa za a ji shi har wajen kilometir 10 a baya. Wannan shi ne ruwan da ke shigowa ta bayan gida.

Na biyu, ƙuryar tsakiya, wato hancin ƙasar da ya raba ruwan biyu. A nan ruwa kusan a tsaye yake, kara da kumfa da leda suna taruwa.

Na uku, layin gamuwa. Ruwan biyu ba su gauraya nan take. Suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, kowa da launinsa, saboda gudunsu ba ɗaya ba ne, ɗuminsu ba ɗaya ba ne, laka da suka ɗauko ma ba ɗaya ba ce. A ƙasar Barazil akwai mahaɗa kusa da birnin Manawus inda baƙin ruwa da ruwan laka ke jerawa wajen kilometir 6 kafin su zama ɗaya. A kan wannan layi ruwa ke murɗawa yana yin ƴan rijiyoyi masu juyi, a ƙarƙashinsa kuma yana haƙa rami. Zurfin ramin mahaɗa yakan ninka na kowane ɗaya daga cikin ruwayen sau biyu ko uku, kuma gwargwadon yadda ƙaramin ya shigo a gicciye, gwargwadon zurfin ramin.

Na huɗu, bayan kwanar da ƙaramin ruwa ya shigo. Da yake ba ya iya karya kwana a take, sai ya bar wani saƙo a jikin gaɓa inda ruwa ke zagayawa a hankali, har yana komawa baya. Duk yashin da ya ɗauko a nan yake sauke shi, tudu ya tashi.

Na biyar, matsatsi. Tudun yashi da saƙon nan sun cinye wani sashe na hanya, don haka ruwan biyu dole su matsu su wuce ta abin da ya rage. Nan ne gudu ya fi tsanani, kuma gaɓar da ke tsallake ce ke shan duka, tana zaizayewa tana rubzawa. Abin lura a nan, idan gudun ruwa ya ninka sau biyu, ƙarfin turinsa sau huɗu yake ninkawa.

Jan ruwa da baƙin ruwa a Yamai

Babu inda wannan darasi ya fi fitowa fili a ƙasarmu kamar Yamai. Kogin Isa, mai tsawon kusan kilometir 4200, yana tasowa daga duwatsun ƙasar Gine, yana ratsa Nijar a kan kilometir 550. Sau biyu yake cika a Yamai a shekara.

Cika ɗaya ita ce ta ruwan Gine. Ruwan saman da ya zuba can da damina yana shiga manyan fadamun Mali na wajen Mopti, ya bazu, ya huta, ya sauke lakarsa, sannan ya taho sannu a hankali. Sai cikin sanyi yake kai ƙololuwa a Yamai, daga Disamba zuwa Fabrairu. Shi ake kira baƙin ruwa, don ya tace. Yana ba da sanarwa makonni kafin ya iso, ko da yake shi ma yakan ci lambunan bakin kogi a lokacin da masu sayar da salati da kabeji suka fi dogara da su.

Ɗayar kuwa ta jan ruwa ce, cikin Agusta da Satumba. Gulabe uku ne ke kawo shi ta hannun dama na kogin, dukkansu daga wajen Burkina Faso, dukkansu kuma sama da Yamai suke faɗawa: Goruwal a wajen Ayoru, Dargol da ya biyo ta Tera ya faɗa kusa da Gotey, sai babbansu Sirba, wanda bakinsa bai fi tafiyar kilometir 60 daga babban birnin ba. Mafi yawan ƙasar da ke zuba wa Sirba ruwa tana cikin Burkina. Ke nan hadari zai iya zuba a can, a ƙasar da mai rumfa a Harobanda ba ta taɓa takawa ba, cikin kwana ɗaya ko biyu da wucewarsa bakin Sirba jan ruwa ya iso ƙarƙashin kadarkon Kennedy.

Ana auna kogin a Yamai tun 1929, kuma shekaru da dama baƙin ruwa shi ne babba, jan ruwa ƙane. Abin ya juya bayan farin shekarun 1970 da na 1980. Itace ya ragu, gonaki suka faɗaɗa, saura ta ɓace, ƙasa mai yawa ta zama fako. Ruwan saman da a da yake nutsewa sai ya koma gudu a kan fako, ya faɗa ƙoramu, ƙoramu su zuba wa gulabe. Kogin da ya tsaya cak a Yamai a watan Yuni na 1985, har mutane suna ƙetare shi da ƙafa, shi ne jan ruwa ya cika ya batse a 2010. A watan Agusta na 2012 ma'auni ya nuna santimetir 618. A 2019 ya kai 638. Ranar 8 ga Satumba 2020 ya kai 700, wato metir 7 cif, abin da ba a taɓa aunawa ba kafin wannan rana. Ganuwar da ke kare Lamorde ta ɓalle, ruwa ya shiga unguwannin hannun dama irin su Karaje da Kirkisoy, ya kwanta a kan gonakin shinkafa.

Don mu gane nauyin abin, akwatin ruwa mai metir 1 a tsawo da faɗi da tsayi nauyinsa tan 1 ne, daidai da buhu 20 na shinkafa mai kilo 50. A ƙololuwar cikar 2012, kusan irin wannan akwati 2500 ke wucewa ta Yamai a cikin daƙiƙa guda. Lissafi ya ba mu nauyin buhu 50,000 a kowace daƙiƙa, dare da rana. Wane bangon laka ne zai tsaya gaban wannan?

Da yawa daga cikinmu mun sa rai ga madatsar Kandaji, wadda aka aza harsashinta a 2008. Tana da amfani ga wutar lantarki da noman rani da riƙe ruwa don bazara. Amma mu dubi inda take: kusan kilometir 180 sama da Yamai. Dargol da Sirba a ƙasa da ita suke shigowa. Duk ruwan da suka kawo ba zai bi ta ƙofarta ba, don haka mazauna bakin kogi kada su saki jiki da jan ruwa saboda ita.

Yashin da ƙorama ke kawowa

Ban da manyan gulabe, akwai ƙoramu masu zubowa kai tsaye cikin kogin, irin ta Bubon da ta Kurtere da ke daf da Yamai. Awa kaɗan suke gudu bayan ruwan sama, amma yashin da suke kwasowa daga tudu ba kaɗan ba ne. Da sun iso kogi gudunsu ya mutu, sai su zube shi a baki, ya bazu kamar faifai, shekara bayan shekara yana cin hanyar kogin. Kogi ya matse, gindinsa ya cike. Sakamakon haka, ruwan da a da zai wuce lami lafiya, yanzu sai ya hau sama ya nemi hanya ta cikin unguwa. Kwanon da aka zuba wa tsakuwa, ruwa kaɗan ke cika shi.

A tsakiyar Yamai kuma akwai kwarin Gunti Yena, wanda ya ratsa gari ya wuce kusa da kasuwar Katako, ya faɗa kogi a gefen kadarkon Kennedy. Shi ke kwashe ruwan unguwanni da yawa. Ranar da kogi yake ƙasa, ruwan kwarin yana fita ba gardama. Ranar da jan ruwa ya cika kogi, bakin kwarin a toshe yake, kuma idan hadari ya sauka a gari a wannan rana, ruwan bai da wurin zuwa sai baya da gefe. Haɗuwar abu biyun nan, kogi a cike da ruwan sama a gari, ita ce ranar da ya kamata duk mai kaya a ƙasa-ƙasa ya fi jin tsoro.

Abin da Hartum da Lakwaja suka koya mana

Kakanninmu da suka bi hanyar Makka da ƙafa, waɗanda zuriyarsu ke zaune a Sudan har yau, sun ga babbar mahaɗa a Hartum. Farin Nilu yana zuwa daga kudu a natse duk shekara. Shuɗin Nilu yana gangarowa daga duwatsun Habasha, kuma da damina yakan zo da ƙarfin da zai tare Farin Nilu, ya sa shi taruwa da baya kamar tabki har sai cikar ta wuce. Haka abin ya kasance tun fil azal, kafin babbar madatsar da Habasha ta ƙaddamar a 2025 ta fara riƙe ruwan damina. Idan kogi kamar Farin Nilu zai tsaya ya jira, ina ga ƙoramar bayan kasuwa?

Lakwaja kuwa ta shafi aljihunmu kai tsaye. A 2012 Binuwai ya cika, aka kuma saki ruwa daga madatsar Lagdo ta Kamaru, ya zo ya iske Kwara shi ma a cike. Mahaɗar ta kasa ɗauke su, ruwa ya hau babbar hanyar Abuja zuwa Lakwaja ya yanke ta. A 2022 aka maimaita, manyan motoci suka yi kwanaki a jere a wajen Koton Karfe. Wannan hanya ce ta albasa da wake da dabbobin da ke gangarawa kudancin Najeriya. Albasa ba ta san jira ba, rago a cikin mota ma haka. Mai lodi daga Galmi ko Madawa cikin Satumba da Oktoba, ya kyautu ya tambayi labarin Binuwai kamar yadda yake tambayar farashi da canjin naira.

Maraɗi ta riga ta biya kuɗin karatu

Mutanen Maraɗi ba sai an ba su labari ba. Tsohon garin a cikin fadama yake, a bakin gulbi, har ambaliyar 1945 ta rushe shi, aka tashi aka hau tudu inda birnin yake yanzu. Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya bi ta madatsar Jibiya, ya shigo ta yankin Madarumfa, inda ruwan gulbin Gabi ke taruwa a tabki daf da shi. Ya wuce Maraɗi da Tsibiri da Gidan Runji, ya koma Najeriya ya faɗa Rima, Rima ya haɗu da gulbin Sakkwato, su zuba cikin Kwara a ƙasar Kabi. Ashe ruwan Maraɗi da na Yamai ma suna da mahaɗarsu.

Hawa tudu ya raba Maraɗi da gulbi, amma bai raba ta da mahaɗa ba, domin a birni titi shi ne ƙorama. A ƙarshen Agusta 2024, ruwa kamar da bakin ƙwarya ya sauka a garin, wajen milimetir 150 cikin abin da bai kai awa biyu ba, aka rasa rayuka 15. A damina ta wannan shekara kusan mutum 400 suka rasu a faɗin ƙasa, fiye da miliyan ɗaya da rabi suka yi asara, tsohon masallacin Birni na Damagaram ya faɗi. Duk inda titi biyu masu gangara suka gamu, ruwansu yana yin abin da Sirba da Isa ke yi: ya taru da baya, ya haƙa rami a tsakiya, ya zube yashi a kwana, ya daki ginin da ke tsallake. Haka yake a ƙoramun Adar da na Magiya a jahar Tawa, haka yake a unguwannin Damagaram da ke kewaye da tabkuna.

Mahaɗar da ke ƙarƙashin rumfarmu

Yanzu mu dawo cikin kasuwa. Kusan kowace babbar kasuwa tana da ƙananan magudanai da ke bi ta layuka suna zubawa cikin babba a bakin titi. Yawanci a gicciye suke shiga. Da babbar ta cika, ƙaramar ta tsaya, ruwa ya fara fitowa daga cikinta yana malala a layi, alhali ita ba ta ma toshe ba. Mai rumfa ta yi ta tsane ruwa da kwano tana zubawa cikin magudanar da ke maido mata da shi.

Kuma da yake a kwanar mahaɗa yashi ke zama, nan ne leda da ɓawon albasa da tsumma ke fara maƙalewa. Sau da yawa mukan ga an yi gayya an yashe magudana tsawon layi, kowa ya gyara gaban rumfarsa, aka bar mahaɗa don ba ta gaban kowa. Aikin banza ke nan, an share ɗaki an bar ƙofa a kulle. Yasa daga ƙasa ake faro ta, daga inda ruwa ke fita, a hauro mahaɗa bayan mahaɗa. Yashin da aka fitar kuma a kwashe shi da amalanke a ranar, in ba haka ba ruwan farko zai maida shi inda ya fito. Watan Mayu ne lokacin wannan aiki, kafin hadari ya fara haɗuwa, a kuma sake leƙa mahaɗa bayan kowane babban ruwa.

Akwai abin da ya fi ƙarfin mai rumfa ɗaya, amma bai fi ƙarfin ƙungiyar ƴan kasuwa ba. Idan ma'aikatar magajin gari za ta gina ko ta gyara magudana, wakilanmu su je su tsaya a kan abu biyu. Ƙaramar magudana ta shiga babba a karkace, tana bin inda ruwa ya nufa. Sannan magudanar da ke ƙasa da mahaɗa ta fi kowace ɗaya daga cikin biyun faɗi, tunda kayan biyu za ta ɗauka. Muna biyan kuɗin rumfa da na tikiti kullum, muna da bakin magana.

Ga mai neman hayar shago ko mangaza, kafin ya biya, ya zagaya bayan ginin ya duba. Ina ruwan wannan layi yake zuwa? Da wane ruwa yake haɗuwa? Bango yana faɗin gaskiya, domin ruwan bara yakan bar zane a jikinsa. Shagon kwana yana da ciniki, gaskiya ne, amma in kwanar mahaɗar ruwa ce, a san da haka tun wajen ciniki. Gishiri da sukari da gari da siminti da atamfa kada su kwana a ƙasa daga Yuli zuwa Satumba. A ɗora su kan bulo da katako, sama da zanen bara da aƙalla kamu ɗaya. Kuɗin bulo ashirin bai kai na buhun sukari guda ba.

Ga masu ƙetare ruwa

Ƴan uwa mata masu cin kasuwannin ƙauye, da masu amalanke, da ƴan kabu-kabu, wannan sashe naku ne. Bakin ƙorama, inda take faɗawa gulbi, yakan yi faɗi, ruwansa ya yi kamar bai da zurfi, ga tudun yashi yana kiran mutum ya taka. Nan ne mafi hatsari. Yashin sabo ne, bai zauna ba, ƙafa tana nutsewa. Taki kaɗan daga gefensa ramin mahaɗa ne. Kuma inda aka bi lafiya makon jiya ba lalle ya zama nan ne yau ba, don kowace cika tana matsar da ramin da tudun. Ruwa mai gudu da ya kai gwiwa yana kayar da babban mutum, balle mai kaya a ka da goyo a baya. A hau sama da mahaɗa sosai, a ƙetare ruwa ɗaya-ɗaya, inda mutanen wurin suke bi.

Ruwa yana da alamu ga mai lura. Idan ya rine ya yi ja, sabon ruwa ne daga kusa, kuma akwai saura a baya. Idan kara da kumfa da kashin dabbobi suka fara yawa a kansa, yana hawa. Idan aka ga tsinke a bakin ƙaramin ruwa yana tafiya sama maimakon ƙasa, babban ya fara turo shi, sai a kwashe kaya tun da sauran lokaci. Cikar ƙorama awa kaɗan ce take wucewa. Gara a rasa cinikin safe da a rasa mai cinikin.

Masu shiga jirgi kuma, musamman tun da rufe kadarkon Gaya da Malanbil a 2023 ya tura fatake da yawa ga kwale-kwale, su sani cewa jirgin da aka danƙare har ruwa na lasar bakinsa yana iya wuce ruwa mai kwanciya lafiya, ya zo layin gamuwa ya kife, domin a nan goshinsa yana cikin gudu ɗaya, gindinsa yana cikin wani. Sarkawa sun san wannan tun kaka da kakanni. Idan matuƙi ya ce a rage buhu, a rage. Idan shi ne ke ƙara lodi don kwaɗayin kuɗi, a sauka a jira na gaba.

Lambobi uku da ya kamata mu riƙe

Hukumar kula da kogin Isa ta ƙasashe 9, wadda cibiyarta ke Yamai, tare da ma'aikatar ruwa ta ƙasa, suna bin ma'aunin kogin kullum, kuma akwai ma'auni a kan Sirba a Garbe Kuru da ke nuna abin da ke tafe. Gidajen rediyo suna faɗin sakamakon da damina. A ma'aunin Yamai, santimetir 530 shi ne gargaɗin farko, mai launin rawaya. A 580 an shiga na biyu, mai ruwan lemo, lokacin kwashe kaya daga mangazar da ke ƙasa-ƙasa ke nan. A 620 an shiga ja, lokacin fitar da iyali. Wanda ya jira sai ya ga ruwa a ƙofa, zai nemi amalanke a ranar da kowa ke nema, a farashin da mai amalanke ya ga dama. Mutanen Kollo da Say da Gaya su ma su saurara, don abin da ya wuce Yamai gare su ya nufa, kuma kafin ya kai Gaya wasu gulaben za su ƙara masa.

A garuruwan da babu ma'auni, waya ta isa. Ƴan kasuwa sun fi kowa sanin mutane a garuruwan da ke sama da su. Yadda muke bugawa mu ji farashin tiyar hatsi a Jibiya ko a Tera, haka za mu tambaya ko an yi ruwa daren jiya, kuma gulbi ya kai ina. Sarkin kasuwa ko shugabar mata ta riƙe lambar mutum biyu ko uku a sama, labari ya zo, a yi shela.

Ruwa ba ya canza hali don mun gina rumfa a hanyarsa. Inda biyu suka haɗu, ɗaya zai jira, kuma a filin wani zai yi jiran. Aikinmu shi ne mu san ko filin namu ne tun rani, mu ɗaga kaya, mu yashe mahaɗa, mu kasa kunne ga abin da ke faruwa a sama. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana rayuka da jari.